Sunan da Ba a Faɗi a Gidan Rhissa

Litinin, 1 ga Agusta, bayan La'asar

Shekara uku ke nan, ko huɗu, da na fara jin maganar a kasuwar Kornaka, wajen masu awon wake. Wai akwai wata takarda da in mutum ya dangwala mata yatsa, ya ce shi ɗan asali ne, ba ɗan ƙasa irin na kati ba, to shi da gwamnati sai kallo daga nesa. Ba jandarma, ba alƙali, ba mai tambayar shi takardar haihuwa, don kakanninshi sun riga tuta zuwa. Na yi dariya. Na ce in da gaskiya ne da jakina ya riga kowa dangwalawa, don shi ma kakanninshi sun riga tuta.

Ban yarda ba. Ina son kayen nan, littafin rubutun da jikata ta bar mini rabinshi fari, ya riƙe wannan: ban yarda ba tun farko.

Jandarmomi sun saki Rhissa, ɗan marigayi abokina, kafin Azahar. Ba su taɓa shi ba, har shayi aka ba shi, ya ƙi sha. Da sauƙi.

Ya wuce ta ƙofar gidana, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, bai yi sallama ba. Yaron da na yanka wa ragon aure da hannuna.

Talata, 2 ga Agusta, da hantsi

Bari in jera abin daki-daki, ko kaina ya daina juyawa.

Uban Rhissa mutumin arewa ne. Shekarar babban fari ya sauka gonata da raƙuma uku da mace da yaro. Dabbobinshi suka ci karana, suka bar mini taki, ni na riƙe mishi gero a rumbu in ya tafi kiwo. Haka muka zauna shekara ashirin da ƴan kai har Allah ya yi mishi cikawa. Duk unguwa Dogo muke ce mishi, yana amsawa.

Zara ɗiyar Rhissa ce, ita kaɗai matarshi ta bari. Ta gama lakwal, makarantar boko, tana neman shiga makarantar ungozoma a Maraɗi. Ana rufe karɓar dosiye, wato tarin takardun neman shiga, ranar Juma'a 19 ga watan nan. Cikin dosiyen ana son takardar nasiyonalite, wadda ke shaida ita ƴar Nijar ce. Ba a ba ta wannan sai da takardar haihuwar ubanta. Shi kuwa a daji aka haife shi, ƙarƙashin tanti, ba wanda ya rubuta. Magani ɗaya: ya je gaban alƙali da shaidu biyu, a faɗi inda aka haife shi da sunan uwa da na uba, a yi mishi takarda.

Ran Alhamis ya je. Magatakarda, Malam Abdulhakim, mutum mai furfura da haƙuri, ya tambaye shi sunan uba. Shiru. Ya sake. Shiru. Mutanen Rhissa ba su kiran sunan uban da ya mutu, ko da wuƙa a wuya. Wani a layi ya ce, "Ko dai bai san shi ba?" Aka yi dariya. Ya tashi ya fita.

Jiya ya koma da wata takarda mai hatimin raƙumi da tauraro, wadda wani mai jaka ya ba shi a kasuwa. Ya aje ta kan tebur, ya ɗaga murya ya ce shi ɗan asali ne, ba ya ƙarƙashin tambayar kowa. Sauran an sani: jandarmomi suka tafi da shi.

Mariama, uwargidana, ta aje mini fura ta ce, "Malam, ni dai ina mamakin inda yaron nan ya fara jin wannan shirme." Ta tsaya kamar mai jiran canji. Na ce furar ta yi tsami.

Laraba, 3 ga Agusta, da rana

Ranar hutu, ofisoshi a rufe, ƴan lakwal na dashen itace. Kwana ɗaya ya tafi a banza, amma ba wanda zai iya ƙara ɓata komai yau. Da sauƙi.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Ni da Zara mun ga alƙali. A hanya na ce mata, "Amarya, in ya tsare ni ki kawo mini tuwo." Ta ce, "Kaka, wa zai tsare tsoho mara haƙori? Asarar tuwon gwamnati."

Alƙalin bai kai ɗana na biyu shekaru ba. Ya jawo takardar raƙumin daga cikin dosiye, ya riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Baba," ya ce, "dokar da ke hannuna mutum iri biyu ta sani: ɗan ƙasa da baƙo. Akwai na uku, wanda ba shi da ƙasa ko ɗaya, ba na yi wa maƙiyina fatan shi. Ba lakwal, ba tafiya, ba gonar da zai ce tashi ce a rubuce. Ɗan asali da ke zaune cikin ƙasa amma doka ba ta hau kanshi, ban taɓa ganin shi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ke nan ya fitar da kanshi?"

"Zama ɗan ƙasa ba rawani ba ne da za ka warware ka yar don ka yi fushi. Takardar nan ba ta ba shi komai ba, ba ta kuma ƙwace mishi komai ba."

Na ji numfashin Zara ya sauka. Nawa ma.

Sai ya ce amma. Amma takardar ta shiga dosiye, gaban mutane. Rhissa kuwa ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki ƙetaren iyaka can arewa. Mutumin da ya dawo daga can, ya ce da bakinshi ba ya ƙarƙashin dokar nan, dole a tambaya ko ya riƙe takardar wasu. In bai zo ya janye da bakinshi ba, dosiye zai tafi Maraɗi bincike. Watanni.

Ƙulli biyu ke nan: ya janye magana, a kuma faɗi suna. Alƙali ya ce shaida ma na iya faɗin sunan, ba sai ɗa ba. Ya dube ni. "Kai abokin uban ne, ko?"

Na buɗe baki. Dogo. Abin da ke ciki ke nan, Dogo.

Shekara ashirin muna cin tuwo akushi ɗaya, ban taɓa tambaya ba.

Alhamis ɗin dai, kafin Magariba

Na tambayi Zara. Ba ta taɓa jin shi ba. A gidansu "wanda ya tafi" ake cewa.

Asabar, 6 ga Agusta, da safe

Na je wajen Lalla, uwar Rhissa. Tana zaune tana ɗinkin fata, idonta ya yi rauni amma hannun na gani. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake daga farko.

Na ce, "Lalla, maganar yarinyar nan ce."

"Na sani."

"Kalma ɗaya ce. Ki faɗa mini a kunne, ni in kai."

"Arzika, tun da aka ɗaura mana aure ban kira shi ba yana da rai. Yanzu da yake kwance zan tashe shi don takarda?"

Na ce to ta zana a ƙasa da rubutunsu, a samo mai karantawa. Ta ce hannu ƙanen harshe ne.

Na tashi zan tafi. Sai ta ce, ba ta ɗago ba, "Akwai wata tsohuwa a Ajekoriya, bakinta ba ƙyaure. Ɗiyar kawunshi ce. Ita ba abin da ba ta ce mishi ba yana da rai, ban ga abin da zai hana ta yanzu ba."

Taubashiya! Yaya aka yi na manta da Mata? Ita ce ta zo biki wata shekara ta ɗaure wa Dogo takalma a wuyan jaki. Tsakanin taubasai ba kunya, ba a nan ba, ba a lahira ba.

Da sauƙi. Wallahi da sauƙi.

Lahadi, 7 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ba tafiya. Gero ya gode.

Litinin, 8 ga Agusta, da yamma

Rhissa ya kora dabbobi ya tafi tabkin yamma tun Laraba. Ba ya ɗaukar salula.

Kakata na da wata tatsuniya ta bushiya da ta ce a cire ta daga lissafin namun daji don kada a sa ta haƙar rijiya. Aka cire ta. Ran da ruwa ya fito aka kira suna ɗaya-ɗaya. Na tuna ta yau ina gyaran darni. Da ita na ba da wancan maraicen da muke shan shayi da Rhissa a zaurena, da ba a kai nan ba. Amma ba ita na ba da ba. Mutum in yana son a yi dariya, sabon labari yake nema.

Mariama ta ce, "Da wa kake magana?" Na ce da darni.

Laraba, 10 ga Agusta, bayan La'asar

Na dawo daga Ajekoriya bayan babur ɗin Sallau direba, ƙashina duk ya canja wuri.

Mata na nan da ranta, ta ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, bakin ne bai rage ba. Tana ganina ta ce, "Wa nake gani kamar mai geron nan na Dakwaro? Ba ka mutu ba? Mutuwa ma tana da zaɓe."

Na ce, "Ke take nema, ta ɓata hanya."

Na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta yi dariya har ta yi tari.

"Wannan dogon banza! Yana raye ya hana ni raƙumar gado, ya mutu kuma ya hana jikarshi karatu. Ɗanshi ya gado shi, wuya kamar na taure."

"To mi ne ne sunan?"

"Kai alƙali ne? Shekara ashirin yana zuba maka taki ba ka tambaya ba, yau kake so a kyauta? Gaban alƙali zan faɗa, da ƙarfi, ya ji daga inda yake kwance."

Sharaɗinta biyu: ba za ta hau babur ba, sai mota, gidan gaba. Kuma Mariama ta yi mata dambun zogale.

Da muka fito ta kira ni baya. Dariyar ta tafi daga fuskarta. Ta ce, "Yarinyar, kamar wa ta yi?" Na ce dogon hancinshi ne da ita. Ta ce, "Allah sarki," ta juya ta shiga ɗaki.

Ƙulli ɗaya ya kwance.

Alhamis, 11 ga Agusta, da hantsi

Saura kwana takwas. Zara ta zo ta share wa Mariama tsakar gida, wanda aka riga aka share.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan masallaci

Na zaga kasuwa ina duba mai jaka. Ba shi, ba wanda ya san shi, har waɗanda na gani da idona suna karanta takardarshi. Ban san abin da zan yi mishi ba in na gan shi. Wataƙila so nake in ga fuskar da zan ɗora wa laifi, wadda ba tawa ba.

Na rubuta wannan, na so in goge. Rubutun bik, alƙalamin biro, ba ya gogewa.

Asabar, 13 ga Agusta, da yamma

Na tafi tabki da ƙafa, na isa rana na tsaka. Rhissa na ƙarƙashin adduwa. Ya ga ni, ya miƙe, don duk fushinshi bai iya zama tsoho na tsaye. Ya shimfiɗa mini buzu, ya hura gawayi, ya ɗora shayi. Ya miƙo mini kofin farko.

Na ce mishi an samu mai faɗin suna, ba sai ya buɗe baki ba, ba sai ma ya ji ba. Ya ce, "Inna Mata?" Na ce ita. Gefen idonshi ya motsa, alamar a bayan amawali an yi murmushi.

Na ce saura ɗayan.

"Baba, maganar da na faɗa gaban mutum talatin zan koma in lashe? Su sake dariya?"

"Ɗiyarka fa?"

"Ɗiyata za ta ji an ce ubanta ya yi amai ya lashe."

"Za ta ji tana Maraɗi da farar riga, ko za ta ji tana nan tana dakan gero. Zaɓi inda za ta ji."

Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. Sai ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo: "A zaurenka na fara ji, Baba. Ka ce kakanninmu sun riga tuta. Na ce in Baba Arzika ya faɗa, akwai wani abu a ciki."

Ban ce mishi ai da jaki na ƙarasa labarin ba. Shi ya tashi duba raƙumi kafin in kai ga jakin, na tuna yanzu.

Abin da na ce mishi bayan nan ba na kaye ba ne. Abin da muka tsayar dai shi ne: ran Talata ni zan fara magana, shi ya biyo baya. In za a yi dariya, a fara da furfura.

Bai ce to ba. Amma ya ba ni kofi na uku, ya kuma aza ni kan jakinshi na dawo.

Lahadi, 14 ga Agusta

Rhissa bai zo ba.

Litinin, 15 ga Agusta, kafin Magariba

Mata ta iso, gidan gaba, tana yi wa direba faɗa. Ta cinye dambu ta ce ba gishiri.

Ina alwala na ji kukan awaki ta bayan gida. Na Rhissa ne, na san muryar tsohuwar akuyarshi. Ya shigo gari.

Da sauƙi.

Talata, 16 ga Agusta, bayan Azahar

Na sa babbar rigar Sallah. Mariama ta ce, "Aure za ka?" Na ce a'a, kunya za ni sha, gara ta same ni da kaya masu kyau.

Ɗakin cike. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, kafin yaron nan ya yi magana, ni ne na kai labarin takardar nan gidanmu daga kasuwa. Na ba da shi don a yi dariya. Shi ya ɗauke ni mai hankali, kuskurenshi ke nan."

An yi dariya. Ba ta kashe ni ba.

Alƙali ya ce, "Baba, nan gaba in za ka ba da labari ka riƙa kallon wanda ya tashi kafin ƙarshe." Ban san wa ya gaya mishi ba. Ina zargin amaryata.

Rhissa ya miƙe. Ya sauke amawali kaɗan, abin da ban taɓa gani ya yi gaban baƙi ba. Ya ce, "Na janye. A ƙasar nan aka haife ni, ban riƙe takardar kowa ba, ina ƙarƙashin abin da kowa ke ƙarƙashi." Malam Abdulhakim ya rubuta, ya karanta mishi, ya dangwala. Yatsan da ya ɗaura shi ya kwance. Ba wanda ya yi ko tari.

Sai alƙali ya ce, kamar ba komai, "Malam Rhissa, ka leƙa waje ka ga ko hadarin nan namu ne." Ya fita har bakin titi.

Aka kira Mata. Ta dogara sanda ta zo gaba.

"Hajiya, kin san uban wannan mutum?"

"Ban je Makka ba, ɗana, shi ya ci kuɗin. Na san shi tun yana yawo ba wando."

"Sunanshi?"

Ta juya wajen taga, ta ɗaga murya: "Intalla! Intalla ɗan Hamid, mai rowar madara, tashi ka ji, yau gwamnati ta san da kai!"

Ɗakin ya fashe. Alƙali ya rufe baki da dosiye. Malam Abdulhakim ya ce a maimaita a hankali, ta maimaita, wannan karon muryar ta karye a tsakiya.

Intalla. Ashe da Intalla nake cin tuwo.

Zara na kusa da ni. Leɓenta na motsi, ba sauti. Ta gwada shi sau ɗaya a baki, ta haɗiye, ta rufe.

Ni ma na ba da shaidata: shekarar fari, raƙuma uku, yaro ɗan kimanin shekara takwas.

Laraba, 17 ga Agusta, da rana

Takardar uba ta fito. Ta ɗiya na jiran sa hannu, an ɗauke wuta, injin bugawa ya tsaya. Na zauna kan benci har La'asar ina kallon wayar lantarki kamar mai jiran wata.

Alhamis, 18 ga Agusta, da hantsi

Ta fito. Na riƙe ta da hannuna, ƴar fallen takarda, iska ma na iya ɗauke ta. Zara ta sa ta cikin leda biyu, ta sa cikin riga. Motar Azahar za ta bi zuwa Maraɗi, ta kwana wajen ƙanwar Mariama.

Na ce, "Amarya, in kin zama ungozoma ki tuna da tsohon miji." Ta ce, "Kaka, in ka yi ciki ka zo, ba layi."

Ubanta bai zo tasha ba. Na hango farin rawani bayan rumfar mai faci, bai matso ba.

Alhamis, La'asar

Hadari ta gabas. An ce gulbi ya cika kwanan baya, motoci sun kwana a hanya. Ba zan yi tunanin wannan ba.

Juma'a, 19 ga Agusta, bayan La'asar

An karɓi dosiye, ƙarfe goma da rabi na safe. An ba ta lamba. Jarabawa sai wata mai zuwa, wannan tsakaninta da kanta ne da Allah, ba ruwan kakanni.

Mariama ce ta fara faɗa mini, ƙanwarta ta kira ta, ta fito da muciya a hannu tana guɗa. Sallau direba ya tsaida babur ya faɗa mini a hanyar masallaci. Malam Abdulhakim ya faɗa mini a sahu, liman na shirin kabbara. Mata ta faɗa mini sau biyu, ta ce albarkar bakinta ce, a ƙara mata dambu.

Ina zaune a zaure yanzun nan, na miƙe ƙafa, aka yi sallama. Ya tsaya a ƙofa da gawayi a hannu ɗaya, butar shayi a ɗayan. Kwana goma sha tara rabon da ya taka zauren nan.

Ya ce, "Baba, ka ji labari?"

Na ce, "Wane labari? Ni tsoho wa ke gaya mini komai? Shigo ka faɗa mini, tun daga farko, kada ka tsallake."

Ya zauna, ya hura wuta, ya faɗa. Ban tashi ba sai da ya kai ƙarshe.

Mutum biyar suka kawo mini labarin nan yau. Na ƙarshensu Rhissa ne.